Dila biyar da suka ɓace tsakanin shago da sabar

Mu uku ne a ofis, ni da yara biyu da nake koya wa aiki. Abincinmu yana wajen gina manhajar lissafin kaya ta intanet, kuma yawancin masu ba mu aiki dilolin atamfa da shadda ne a Kantin Kwari.

Wata Asabar wani Alhaji da muka gina wa manhaja ya kira ni, ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya ce, "Malam, abin nan naka yana cinye mini kaya." Yaron shagonsa ya shigar da dila biyar na shadda, shafi ya sabunta kansa, adadi na nan yadda yake. Wani lokacin kuma sai ya shiga lafiya. Na gwada a ofis ya fi sau ashirin, ban ga komai ba.

Sai da na je shagon, na zauna a benci tsakanin tarin yadi, na jona kwamfutata da datar wayar yaron, sannan asiri ya tonu. Laifinmu ne. Lambar JavaScript ɗin, wato umarnin da ke tafiyar da shafin, tana tura bayani zuwa sabar (kwamfutar da ke ajiye lissafin) da umarnin fetch, nan take kuma ta kira location.reload(), mai sabunta shafi, ba ta jira amsa ba. A ofis intanet na gudu, saƙon kan isa sabar kafin shafin ya tashi. A kasuwa kuwa, da rana tsaka kowa na kan waya, layi na jan ƙafa, sai burauza, manhajar buɗe shafukan intanet, ta soke saƙon da bai gama fita ba. Kamar ka aiki yaro ne, kafin ya kai ƙofa ka ce ya dawo. Na sa await don a jira, na sa a duba response.ok don a tabbatar saƙon ya shiga, sai amsa ta zo sannan a sabunta.

Na ɗauka an gama. Washegari ɗan Alhajin, mai amfani da burauzar Firefox, ya ce maɓallin "Ajiye" ya mutu. Mu ne muke kashe shi yayin turawa don kada a danna sau biyu, to ashe Firefox yana riƙe halin maɓalli da abin da aka rubuta a fom ko bayan an sabunta shafi. Chrome bai yi mana haka ba. Maganinsa autocomplete="off" a kan fom ɗin, layi ɗaya tak, amma ya ci mini yini. Na kuma sa Cache-Control: no-store a amsar da ke kawo jimillar kaya, don kada a riƙa nuna tsohon adadi.

Burauzar Opera Mini kam ban yi kokawa da ita ba. A yanayin tsimin data, a sabobin kamfanin ake sarrafa shafin, ba a wayar ba. Na ce wa yaron shagon ya bar ta don karanta labarai.

Alhaji ban karɓi ko sisinsa ba, shi kuma ya ba ni yadi biyar. Yanzu akwai wata tsohuwar waya a durowata, duk aikin da za mu miƙa sai yaran sun gwada shi a kanta, da data, a bakin titi.