Dajin da Ake Biyan Kuɗi a Shiga

Sanyin birnin Kalgari na ƙasar Kanada, wanda a watan Janairu kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, na saba da shi da wuri. Abin da ya daɗe bai shiga kaina ba shi ne yadda mutanen nan ke ɗaukar 'ya'yansu su nufi daji don hutu. Ga wanda ya taso yana bin hanyar Birnin Gwari da addu'a a baki, wannan sai an koya masa.

Wani maƙwabcina ɗan Sudan ne ya matsa mana mu ma mu je a lokacin zafi. Muka biya kuɗin shiga gandun Banf, wanda aka kafa a 1885, muka hau titin Icefields Parkway, kusan kilomita 230 daga tafkin Luwis zuwa garin Jasfa. Duwatsu dama da hagu, kawunansu fari fat ko a lokacin zafi. Gidan mai ɗaya ne tal a tsakiya, kuma yawancin hanyar babu sabis ɗin waya. Da uwargida ta ji haka sai ta yi tsit. Na san abin da ta tuna.

Amma a nan in ka ga motoci sun yi cirko-cirko a gefen titi, dabba ce. Mun tarar da baƙar beya, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi da farata, tana cin 'ya'yan itatuwa, ko kallonmu ba ta yi ba. Ƙa'ida ita ce a bar mita 100 tsakaninka da ita, mita 30 ga manyan barewar nan masu ƙaho kamar reshe, kuma ciyar da su na iya jawo tarar da ta kai dalar Kanada 25,000. Ragunan dutse kuwa tsakiyar kwalta suke tsayawa suna lasar gishiri, sai sun ga dama su matsa. Babu mai danna hon. Kusa da Banf har gadoji aka gina, aka zuba ƙasa aka dasa itatuwa, don dabbobi su tsallaka babban titi. Maƙwabcin nawa almubazzaranci yake kira, amma da su da shingen waya sun rage buge dabbobi da fiye da kashi 80 cikin ɗari, kuma ni direba ne, na san me hakan ke nufi da dare.

A daskararriyar ƙanƙarar Atabaska an kafa alluna masu nuna inda bakinta yake a shekarun baya. Ta ja da baya fiye da kilomita ɗaya da rabi cikin kusan shekara 125. Gab da Jasfa sai baƙaƙen kututturai, ragowar gobarar Yulin 2024 da ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na gine-ginen garin.

Magariba ba ta yi ba sai wajen ƙarfe goma, yara sun riga sun yi barci. Washegari uwargida da kanta ta tambayi kuɗin takardar shiga ta shekara guda.