Yadda na yi fama da ɗaliban Sin a ajin Turanci na intanet

Lokacin korona a 2020 jami'ar da nake koyarwa a Ingila ta maida kwas ɗin share fage na Turanci kan intanet gaba ɗaya, wato kwas ɗin da ake yi wa ɗaliban waje da makinsu na IELTS, jarrabawar gwada ƙwarewar Turanci, bai kai abin da sashensu ke nema ba, yawanci 6.5. Kusan duk ajina 'yan Sin ne kuma suna can gida, wasu Shanghai wasu Chengdu. Tsakaninmu awa 7 ne a watannin zafi, ƙarfe 9 na safe a wurina 4 na yamma ne a wurinsu, dole aji ya zama da safe.

YouTube da Google Docs da WhatsApp kuwa duk a toshe suke a can, sai dai in ɗora komai a shafin makaranta.

Babban abin shi ne shirun. Kyamara a kashe, ka yi tambaya ka ji tsit. Wasu abokan aiki har cewa suke yaran ba su iya komai ba, ni dai ban yarda ba, mutumin da ya tsallake gaokao, jarrabawar shiga jami'a ta ƙasar Sin, ya sha nahawu iya sha, abin da ke riƙe shi tsoron yin kuskure ne a gaban jama'a, kuma mu da muka taso ba a musu da malami ai mun san wannan kunyar sarai. Sai na koma tura tambayoyin tun jiya, in an shigo aji in ce kowa ya fara rubuta amsarsa a wurin saƙo, in ba su minti biyu, sannan in zaɓi guda in ce wannan ta yi kyau, ɗan ƙara mana bayani. Wanda aka riga aka yaba wa amsarsa buɗe baki bai masa wuya. Rukuni kuma mutum uku-uku, kowa da aikinsa, in sun ɗan fara da yarensu ba na hanawa muddin rahoton da Turanci zai zo.

Inda muka fi daɗewa shi ne sukar rubutun masana, a ganinsu abin da farfesa ya buga ɗalibi bai isa ya ce akwai gyara ba, shi yasa suke kwafo shi yadda yake har Turnitin, manhajar gano satar rubutu, ya kama su. Sai na riƙa ba su maƙala biyu da suka saɓa wa juna kan cinikin intanet, harkar da suka fi ni sani nesa ba kusa ba saboda Taobao, kasuwarsu ta intanet, da babban rangwamen da ake yi a can duk 11 ga Nuwamba, in ce to dole ɗaya ta fi hujja, wacce? Nan fa musu ya kaure har muna wuce lokaci. Kyamara kam rabinsu ba su taɓa kunnawa ba har kwas ya ƙare, ni ma na daina matsa musu.