Jinyar mage

Yau kwana tara ke nan ina jinyar magenmu. Likitan dabbobi ya ɗebi jininta, ya ce ƙwayar FeLV ce, sankarar jinin kyanwa. Ba ta warkewa, sai dai lallaɓawa. Ta yawu take yaɗuwa tsakaninsu, shi ya sa na ware ta da 'yar'uwarta, kowacce da kwanonta. Ba ta kama mutum, kuma abin da Hajiya ta fara tambaya ke nan.

Cin abincin ne daga. Magen da ke sace kifi a tukunya, yanzu sai ta shinshina ta kau da kai. Sai na ɗumama dafaffiyar kaza ƙanshi ya tashi take ɗan lasa, a yatsana. Romon ba gishiri, ba albasa, don albasa guba ce gare su. Ruwa kuwa da sirinji marar allura, ta gefen baki, kaɗan-kaɗan kada ta shaƙe.

Kowace safiya nakan ɗaga fatar wuyanta. Idan ta daɗe ba ta koma ba, ruwan jikinta ya yi ƙasa, sai mu koma wajen likita.

Hajiya da ke cewa "duk wannan a kan mage?", jiya ita na tarar riƙe da sirinjin.