Wa zai fara ganin likita? Darussa daga teburin gaba na asibitin haƙori

A asibitin haƙorin da nake aiki a nan Kaduna, likita ba ya ganin kowa sai wanda na tura masa. A takardar ɗaukar aiki an rubuta buɗe kati, ciro folda, karɓar kuɗi da amsa waya. Ba a rubuta cewa ni zan ware wanda zai fara shiga da wanda zai jira ba, alhali ko allura ban taɓa riƙewa ba. Nan ne kuwa nauyin aikin yake.

Mutanenmu ba sa zuwa sai ciwo ya ci ƙarfinsu. Kafin a iso gabana an gwada kanumfari, an gwada ruwan gishiri, an sha na kemis, wani ya danna ƙwayar asfirin a dasashi har ta ƙona wurin, wani ma ruwan batir aka ɗiga masa wai don a kashe tsutsa. Saboda haka kowa da gaggawarsa yake shigowa, hannu a kumatu. Sai da likita ya zaunar da ni ya nuna mini waɗanda ba a barin su a benci: mai kumburin da ya gangara ƙarƙashin haɓa ko ya haura wajen ido, mai zazzaɓi, wanda baki ya ƙi buɗuwa, wanda haɗiyar yawu ke gagararsa. Irin wannan kumburin yana iya toshe hanyar numfashi. Wani lokaci likita na dubawa zai rubuta takarda a wuce asibitin koyarwa na Barau Dikko ko na Shika da ke Zariya, ba a ma taɓa haƙorin ba.

Wahalar tana wajen sauran da ke layi. Dattijon da ya baro Rigasa tun bayan asuba yana kallo a shigar da wanda ya zo yanzu, dole ransa ya sosu. Idan na yi shiru, zai ɗauka sanayya ce ko an ba ni na goro. Nakan taso daga kujera in je in rusuna kusa da shi: "Baba, a yi mana haƙuri, wancan bawan Allah numfashinsa ne ke neman tsayawa. Yana fitowa kai ne." Yawanci amsar ita ce, "Ba komai 'yata, Allah ya ba shi lafiya." Mutane suna jure jira, abin da ba sa jurewa shi ne a bar su babu bayani.

Waya ma tana da nata. Uwa za ta kira a ruɗe, yaro ya faɗi a wajen ƙwallo, haƙorin gaba ya fita ɗungurungum. Tambayata ta farko shekarunsa nawa, domin haƙorin nono ba a mayar da shi, na dindindin kuwa ana iya mayarwa idan an yi sauri. Sai in ce a riƙe shi ta kai, kada a taɓa saiwar, kada a goge, a jefa shi cikin madara, a iso kafin awa guda. Daga Kawo ko Barnawa ana iya cim ma hakan idan hanya babu cunkoso. Akwai kuma wani ruɗani da nake yawan warwarewa: haƙoran nono 20 ne, na manya 32, amma turmin farko na dindindin yana fitowa can ciki tun yaro na da kimanin shekara 6, ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye sai su ce ai na nono ne, zai fita da kansa, a bar shi ya ruɓe.

Cike folda ya koya mini yadda ake tambaya. Idan na ce, "Hajiya, kina da wani ciwo?" amsar ita ce lafiya ƙalau. Idan na ce, "Wane magani kike sha kullum?" sai a zuge jaka a fito da leda: na hawan jini, na suga, wani lokaci har da mai tsinka jini, wanda dole likita ya san da shi kafin ya cire haƙori. Maganar juna biyu kuwa ba a yin ta da ƙarfi. Amaryar da uwar miji ta rako ba za ta taɓa amsawa a gabanta ba, sai na kira ta gefe da sunan za ta sa hannu a takarda.

Batun kuɗi, ra'ayina ɗaya ne: a faɗa wa mutum farashi kafin ya hau kujera. Masu inshora, ko na hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta maye gurbin NHIS a 2022, ko na kamfanoni, sau da yawa sai an jira lambar amincewa, kuma ba kowane aiki inshorar ke biya ba. Da yawa suna zaɓar cirewa saboda ya fi gyaran jijiya araha. Nakan maimaita bayanin likita, in bar musu zaɓi. Da azumi kuma tambayar ko allura tana karya azumi ba ta ƙarewa. Wannan ta malamai ce, ni dai nakan nema wa mutum ranar bayan Sallah idan ciwon zai iya jira.

Wanda aka cire wa haƙori yana fitowa da auduga a baki, leɓe a mace, rabin abin da likita ya faɗa ya bi iska. Don haka ɗan rakiya nake faɗa wa: a ciji audugar kamar rabin awa, yau babu kurkure baki, babu tofe-tofe, babu abu mai zafi, babu sigari, gobe a fara ruwan ɗumi da gishiri. Nan take za a tambaye ni alwala fa. Abin da likitanmu ke cewa shi ne a sa ruwan a baki a hankali, a sunkuya ya zubo da kansa, kada a wujijjiga shi, don kada gudan jinin da ya toshe ramin ya fita.