Kauri ba shi ne ingancin baƙin mai ba

Ƙannena da kuka fara riƙe a-kori-kura, musamman Hilux ɗin nan mai jigilar buhuna daga ƙauye zuwa kasuwa, akwai maganar da za ku yi ta ji a gareji: wai ƙasarmu da zafi, saboda haka sai baƙin mai mai kauri. Na daɗe a kan wannan magana. Ina zuba mai kauri mai lamba 20W-50 a injin da aka ƙera don mai mara kauri, kuma don neman sauƙi na awo nake saya daga durom. Sai motar ta fara ƙara da sassafe kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ranar da bakanike ya ɗaga murfin saman injin, baƙar laka muka tarar ta daskare, yana kankare ta da sukudireba. Kuɗin gyaran ya ninka abin da na ɗauka na adana.

Lambobin da ke jikin galan ba ado ba ne. Ta farko, mai harafin W, tana nuna saurin gudanar mai lokacin da inji yake da sanyi. Ta biyu kuma kaurinsa ne idan inji ya ɗau zafi. Injinan zamani hanyoyin mansu ƙanana ne, kuma tsarin VVT-i, mai daidaita lokacin buɗewar bawul, da ƙarfin matsin mai yake aiki. Idan man ya yi kauri, yakan makara kafin ya hau sama, ƙarfe ya ci ƙarfe a daƙiƙun farko bayan an tayar da mota. Tsohon inji da ya riga ya saki jiki yana iya ɗaukar mai kauri, amma ba kowane ba. Ku buɗe littafin motar, ko ku duba murfin da ake zuba man. Ku kuma duba harafin API, wato ajin man da ke rubuce a jikin galan: mai farawa da S, kamar SN ko SP, na injin fetur ne, mai farawa da C, kamar CI-4, na dizal.

Mu da muke bin hanyar burji cikin ƙurar hunturu da lodi fal, kada juye ya wuce kilomita 5,000, kuma a canza filta tare da man. Galan a rufe za ku saya, a buɗe shi a gabanku.

Fetur kuwa, a Najeriya kusan iri ɗaya ne a famfo. Idan kun je inda ake sayar da mai lamba 91 da mai 95, mai tsadar ba zai ƙara wa injin da aka yi don 91 ƙarfi ba. Lambar juriya ce ga ƙwanƙwasar inji kawai. Damuwarmu ita ce tsabta. A Fabrairun 2022 fetur mai yawan sinadarin metanol ya shigo ƙasar nan, aka sayar da shi a gidajen mai, ya lalata motoci. To ina ga jarkar 'yan bumburutu da ba a san abin da aka gauraya ba? Ku riƙe gidan mai guda mai ciniki sosai.

Masu dizal, ruwa ne babban abokin gabanku. Da zarar fitilar gargaɗin filtar dizal ta kama, ku tsaya a tsiyaye ruwan da ya taru a ƙasanta kafin ya kai ga nozul mai fesa dizal cikin inji.