Na zaɓi karatun shekara ɗaya, Kawu bai huce ba

Kawuna har yau yana ganin gajen haƙuri ne ya kawo ni Ingila. Shekaranjiya ma ya turo mini saƙon murya daga unguwar Jekadafari a Gombe: "Ɗana, wane irin digiri ne wannan da ake gamawa kafin damina ta zagayo?" A zauren gidanmu ya yi maganar, ina jin muryoyin mutane a bayansa, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Gurbi biyu na samu, duk na digiri na biyu a fannin tsara manufofin gwamnati. Ɗaya a makarantar Willy Brandt da ke Jami'ar Erfurt a Jamus, shekara biyu, da Turanci ake koyarwa, har da zuwa koyon aiki a tsakani. Ɗayan a nan arewacin Ingila, daga Satumba zuwa Satumba. In don zurfin karatu ne, wallahi na Jamus ya fi kwanta mini, kuɗin makarantarsa ma bai kama ƙafar na nan ba. Sai dai dole ka zuba Yuro 11,904 na shekara guda a asusun da ake kullewa kafin a ba ka biza, in kuma za ka ɗauko iyali sai ka nuna ƙarin kuɗi da gidan da zai ishe ku. Da albashin ma'aikacin jiha? Ingila kuwa tun Janairun 2024 ta hana masu irin karatuna zuwa da mata da 'ya'ya. Ko ina na nufa ni kaɗai zan tafi. Abin da ya rage mini in zaɓa shi ne tsawon lokacin da zan bar gida.

Lokacin maiɗakina tana da ciki wata biyar, Inna kuma hawan jini ya sa ta a gaba, ga shi ni ne babba. Kawu ya san duk wannan.

Ba na raina abin da nake koya. Da na gabatar da aikina kan zaizayar ƙasa a Gombe, na nuna hotunan kwarin da ke cin gidaje duk damina, na yi bayanin yadda gini a kan hanyar ruwa da rashin magudanai suke ƙara faɗaɗa shi, ajin ya yi tsit. Malamar ta ce in mayar da shi kundin kammalawa. Ranar na taka zuwa ɗakina ina jin kaina wani ne, har na manta da sanyi. Da na shiga, ba wanda zan ba labari. Ƙarfe huɗu ba ta cika ba magariba ta yi, na yi salla ni kaɗai, na ɗumama shinkafar jiya.

Sunan 'yata ta waya na halarta. Ƙanena ya riƙe wayar, liman yana addu'a hoton yana yankewa, ragon ma ban ga an yanka ba. Inna ta karɓa ta ce, "Babana, ka ci abinci kuwa? Duk ka rame." Ita ba ta taɓa tambayata shekara nawa ne karatun ba, wane wata zan dawo kawai take tambaya.

Yanzu yarinyar ta fara zama. An ce goshin Baba marigayi ta ɗauko, ni dai a hoto ban iya ganewa ba. An kuma sa ranar auren ƙanwata bayan Babbar Salla, daidai lokacin da zan duƙufa kan kundina. Na roƙi a ɗaga zuwa Oktoba, dangin ango sun ce za su yi shawara, kuma a hannun Kawu maganar take.