Notuna huɗun tsakiya

Jiya na wuni a kan tsohon injin Chevrolet 350 ɗina, ina ɗaure manifol ɗin da ke raba iska da fetur zuwa silinda. Noti 12 ne. Takwas na gefe ba su ba ni wahala ba, amma huɗun tsakiya, waɗanda ke maƙale kusa da mazaunin kafireta, soket ya ƙi zama a kansu sam.

Har zuciya ta raya min in ɗaure da sifana kawai, in kintata da hannu. Sai na tuna bara haka na yi: gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin manifol da kan injin, ya riƙa shan iska, silo ya ƙi daidaita wata guda cur.

Na nemo ɗan kan sifana mai buɗaɗɗen baki, na ɗora shi a sifanar awo, wadda ke auna ƙarfin ɗaurin noti, ya yi kusurwar digiri 90 da hannunta. Idan ya miƙe a tsaye, tsawon ya ƙaru, awon ya yi ƙarya. Daga tsakiya na fara zuwa waje, hagu da dama, zagaye uku, har ƙarfin ɗaurin ya kai 30 ft-lb a ma'aunin sifanar.

Da injin ya yi zafi ya huce na sake bi. Biyu sun ɗan saki. Yau da safe silon injin lafiya lau, alhamdulillahi.